Izina Ba Ta Halatta Hukunci: Nazari Daga Karar Wudil

Duk wanda ya saba zaman kotu a ƙasar Hausa ya san yadda ake rufe hukunci: an ɗaure wane "domin ya zama izina ga 'yan baya". Maganar ce kuma a bakin 'yan sanda idan sun yi holin waɗanda suka kama a gaban manema labarai. Yawan maimaita ta ya sa an manta cewa da'awa ce mai neman hujja. Matsayin wannan maƙala shi ne izina amfani ce da kan biyo bayan hukunci, amma ba ita ke halatta shi ba.

Wudil wuri ne da ya dace a auna maganar, domin garin ya haɗa Kara, ɗaya daga manyan kasuwannin shanu na Arewa, da Kwalejin 'Yan Sanda ta Najeriya. A ƙaddara ranar Juma'a kasuwa ta cika, wani makiyayi ya gane saniyarsa a hannun dillali ta tsagar kunnenta da karkacewar ƙahonta. Dillali ya nuna yaron da ya kawo ta. Kafin a ce kwabo an kewaye shi, wasu sun ɗauko sanduna. In dai tsoratar da ɓarayi ce kaɗai manufa, taron dangin da ake shirin yi masa ya fi kowace kotu cika ta, ga sauri ga 'yan kallo. Abin da ya fi muni, tsoratarwar za ta yi aiki ko da yaron ɗan aike ne, bai san saniyar ta sata ba ce. Ra'ayin da ba ya iya bambance mai laifi da wanda aka yi wa zato bai isa ya zama tushen hukunci ba.

Wannan ita ce tsohuwar sukar da ake yi wa mazhabar Jeremy Bentham na Ingila, wanda a 1789 ya ɗauki hukunci a matsayin cuta da ba a yarda da ita sai don kauce wa wadda ta fi ta. Immanuel Kant na Jamus ya tsaya a ɗaya ɓangaren a 1797: ana hukunta mutum ne saboda ya aikata, kuma haramun ne a mayar da shi allon koya wa wasu darasi. Kant ya yi gaskiya a nan, sai dai ya zarce. Har cewa ya yi ko al'ummar wani tsibiri za ta watse, sai ta fara kashe mai kisan kai na ƙarshe da ke kurkukunta. Kusan bai bar wa afuwa ƙofa ba, wanda aka zalunta kuma ɗan kallo ne a tsarinsa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Kano suka daɗe suna hukunci da shi, ya fi su duka lura da mai saniya. Masana irin su Alƙarafi sun raba abin da shari'a ta tanada gida biyu: na tsawatarwa da na gyaran ɓarna. A kisan ganganci, ƙisasi haƙƙin magada ne, suna iya yafewa ko su sasanta a kan diyya, amma wanda aka yafe wa sai ya sha bulala 100 da ɗaurin shekara guda, domin al'umma ma tana da nata kason. A sata kuwa, Risala ta nuna ba a yanke hannu a kan dabbar da aka ɗauke a makiyaya sai an sato ta daga inda ake killace ta, kuma sai kimar abin ta kai rubu'in dinari ko dirhami 3. Mai neman firgita jama'a ba ya tsaurara sharuɗɗa haka. Wanda ya sa su tsoron zaluntar wanda ake tuhuma yake yi.

Labarin bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a da ke cikin Muwaɗɗa ya ƙara wani abu. Sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Sayyidina Umar ya lura ubangidansu na barin su da yunwa, sai ya juya kan Haɗib ya ci shi tarar dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. (Imam Malik kansa ya ce ba a aiki da ninkin, amma wannan wata muhawara ce.) Alƙali a nan ya tambayi wanda ya jawo laifin, ya kuma tabbatar mai taguwa bai tafi hannu rabbana ba.

Dokokinmu ba su rasa wannan tunani ba. Kundin Penal Code da ya fara aiki a Arewa a 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga ɓarawo a sashe na 287, amma sashe na 78 ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. Kano ta ƙara da kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci a 2000, dokar tarayya ta 2019 kuma ta ɗora wa gidajen yari aikin gyaran hali, ta buɗe hanyar hukuncin da ba ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki.

Matsalar tana wurin aiwatarwa. Mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, alhali sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Idan yaron Kara ya tsira daga sanduna ya wuce gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ya rasa mai tsaya masa beli, zai iya shafe watanni ana ɗage zama. Kant ba zai amince da wannan ba tunda ba a tabbatar da laifi ba, alƙalin Malikiyya zai nemi shaidu, Bentham ma zai ce an yi asarar kuɗin ciyarwa. Makiyayin kuwa yana ta zirga-zirga tsakanin ruga da kotu da kuɗin motar aljihunsa, saniyar tana ɗaure a matsayin shaida, ba kiwo ba tatsa.