Sana'ar Hannu ta Cikin Gida a Ƙasar Bici

Sana'ar hannu ta cikin gida ita ce duk wani abin amfani ko na ado da iyali ke sarrafawa da hannunsu a tsakar gida, ko a zaure, ko a gindin bishiya, ba tare da inji ko ma'aikatan albashi ba. A ƙasar Bici, wadda ke arewa maso yamma da birnin Kano a kan hanyar Katsina, wannan ya ƙunshi kaɗi da saƙa, da saƙar faifai da tabarma, da tufkar igiya, da ɗinkin hula, da sababbin sana'o'i irin su saƙar ulu da haɗa turaren wuta. A wannan yanki ba a saba raba aikin ɗebe kewa da aikin gida da aikin neman kuɗi ba. Faifan da yarinya ta fara saƙawa da wasa shi za a rufe ƙwaryar fura da shi, idan kuma hannunta ya faɗa, na gaba kasuwa za shi.

Ƙasa da yanayi

Bici na cikin karkarar da ta kewaye Kano, inda gonaki ke manne da juna, ƙauye na hango ƙauye, kuma ake noma gona ɗaya kowace shekara da taimakon taki ba tare da an bar ta ta huta ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki mai cunkoson jama'a tun daga shekarun 1960. Abubuwa biyu ne suka sa sana'ar hannu ta kafu a nan. Na farko, damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, saboda haka manomi na da fiye da rabin shekara da babu aikin gona sai ga mai fadama. Na biyu, gonar gado tana ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba ta tsakanin magada, abin da aka noma kuma ba kullum yake kai gida wata kakar ba. Wanda bai tafi cin rani ba, sai ya riƙi wata sana'a. Noma shi ne tsohon ciniki, amma da wuya a sami gidan da ya dogara da shi kaɗai.

Kafin zuwan Turawa

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi, birnin Kano ya zama matattarar kayan da ƙauyuka ke sarrafawa. A ƙarni na 19 tufar Kano ta kai Agadas da Tumbutu da Barno da Tarabulus. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufar da ake fitarwa daga ƙasar a shekara ta kai ta wuri miliyan 300. Wani abin da ya ba shi sha'awa shi ne, duk wannan dukiya a cikin gidaje ake samar da ita, kowa na aiki a cikin iyalinsa, saɓanin manyan masaƙun Turai da ke raba mutum da gidansa.

Tushen wannan ciniki yana hannun matan karkara. Mace za ta gurje auduga a kan magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da bakan shiɓa, sannan ta ɗauki mazari mai gululu a gindi, ta shafa alli a yatsa, ta shiga kaɗi. Zare iri biyu take fitarwa: siriri mai ƙarfi, da abawa mai kauri da laushi. Masaƙa maza ne ke saye su saƙa sawaye, wato ƙyallaye masu tsawo marasa faɗi, a ɗinke su wuri ɗaya su zama zane ko riga. Mata kuma na da tasu masaƙar ta tsaye mai faɗi, inda suke saƙa gwado. Daga nan sai marina, inda ake tsoma tufa a karofin baba, sai mabuga su buge ta har ta yi ƙyalli. Garuruwa sun yi suna da fanni-fanni: Kura da rini da bugu, Minjibir da saƙa, Dawakin Tofa, maƙwabciyar Bici, da ginin tukwane. Sarauta ma ta san darajar abin, domin a lokacin akwai harajin da ake kira kuɗin karofi a kan kowane ramin rini.

Rabon aiki a cikin gida

Wasu sana'o'in gado ne, kamar ƙira da jima da dukanci da rini, yaro na tashi ya tarar da su a zauren ubansa. Wasu kuwa na kowa ne, duk mai sha'awa zai koya a wurin maƙwabci. Kaɗi da saƙar faifai na mata ne, saƙar zana da asabari da tufkar igiya galibi na maza, musamman dattawa da ke hira a inuwa hannu na aiki baki na magana.

Yara kan shiga ta ƙofar wasa. Yaro na fafe karan dawa ya haɗa motar kara, ko ya yanka gwangwani ya yi mata ƙafafu da tsohon silifa. Yarinya na gina 'yan tukwane da laka, ta yi wa 'yar tsana kitso da zane. Ba a kiran wannan koyon sana'a, amma a nan hannu ke sabawa da wuƙa da allura.

Abin da mace ta samu daga sana'arta nata ne, kamar yadda shari'ar Musulunci ta tanada, miji ba shi da iko a kansa. Da shi take zuba adashi, ta yi biki, ta sayi akuya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki tun tana ƙarama. Da yake matan aure da yawa na cikin kulle, 'yan talla da tsofaffi da dillalai su ne ƙafafunsu zuwa kasuwa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina da Ɗorayi ta Kano, ta kira wannan ɓoyayyen ciniki, saboda hada-hada ce mai yawa da baƙo ba ya gani idan ya tsaya a bakin kasuwa. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, shi ma ya nuna yadda kaɗi ya kasance abokin zaman kowace matar aure.

Kaba, kara da ciyawa

Sana'ar da ta fi jure sauyin zamani ita ce wadda kayan aikinta ke fitowa daga gona da daji. Kaba, wato ganyen ƙaramar goriba, ana yanko ta a shanya, a tsaga, a jiƙa ta yi laushi. Da ita ake saƙa tabarma da mafici da malfa da igiya da jakar kaba. Faifai kuwa ana naɗa kaba ne a kan damin siraran ciyawa, ana zagayawa daga tsakiya ana huda da basilla har ya kai faɗin da ake so. A da, ana samun ja daga karan dafi, baƙi da shuɗi daga baba, kafin galura ta kanti ta shigo da launuka masu haske. Faifai na aikin bakace da rufe ƙwarya, akwai kuma na ado da ake jerawa a ɗakin amarya. Kalmar lefe ma asalinta sunan kwandon kaba ne da ake zuba tufafin aure a ciki, sunan ya zauna ko da akwati ya maye gurbinsa. Gamba na ba da zana, karan dawa na ba da danga da gadon kara.

Zamanin Turawa da faɗuwar mazari

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Burinsu shi ne audugar Arewa ta tafi masaƙun Lankasha, amma a shekarun farko masu kaɗi da masaƙan gida sun fi kamfanin Turawa sayen auduga da tsada, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa daga 1912. Saboda haka saƙar gida ba ta mutu nan take ba. A hankali ne akoko da alawayyo da atamfa suka rinjayi tufafin saƙar gida irin su fari da saƙi, sannan masaƙun zamani suka buɗe a cikin ƙasa, farawa da na Kaduna a 1957, daga baya na Kano. Zaren inji ya fi arha kuma ya fi daidaito, sai mazari ya koma hannun tsofaffi. Kwanon sha da fanteka da langa suka rage wa ƙwarya da akushi kasuwa, daga baya roba ta zo ta taɓa tulu da tabarmar kaba.

Gyaɗar da ta kori auduga daga gona ta kawo wa mata wata sana'ar, wato matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, wadda ta cike wani ɓangare na gurbin kaɗi.

Hula

A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ɗinkin hula ya zama babbar sana'ar allura a gidajen ƙasar Kano. A da aikin maza ne, musamman almajirai da gardawa da ke ɗinki tsakanin karatun safe da na yamma. Daga baya matan aure da 'yan mata suka shige shi sosai, domin ba ya bukatar jari mai yawa ko fita waje. Aikin a rarrabe yake: mai zane ya zana fasali a kan farin yadi, mai jari ya ba da yadin da zare, mai ɗinki ta cike zanen a cikin kwanaki ko makonni gwargwadon ƙanƙantar ɗinkin, a haɗa kai da jiki, sannan mai wankin hula ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora a kan gungume ta ɗauki siffa. Ƙube da zanna bukar da damanga na daga cikin sunayen da aka sani. Kasuwar hula na haɓaka gab da sallah da lokacin bukukuwa, kuma yawancin ribar na tsayawa ne a hannun mai jari da ɗan kasuwa, mai ɗinki ladan aikinta kawai take karɓa.

Makaranta, gwamnati da waya

Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai yara da yawa aji, inda ake da darasin aikin hannu, ana sa ɗalibai su kawo tsintsiya ko mafici ko igiya. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986 ya sa gidaje da dama komawa ga ƙananan sana'o'i. Shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987 ya yaɗa cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi, inda ake koyar da ɗinkin keke da saƙar ulu da haɗa sabulu da man shafawa. A garin Bici kuma akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha da sana'a, wadda aka kafa a shekarun 1980.

A yau kayan aikin sun sauya fiye da tsarin aikin. Ana saƙa faifai da zaren buhu da leda mai launi, ana yi wa jarirai hula da safa da rigar sanyi da ulu, ana haɗa jaka da duwatsun ado, ana haɗa humra da turaren wuta don amare. Wayar hannu ta zama sabuwar 'yar talla: mace na ɗaukar hoton kayanta ta sa a WhatsApp ko Facebook, a turo kuɗi ta asusu, a ba direban motar Kano saƙo. Matsalolin su ne tsadar zare da yadi, da hulunan inji masu arha da ake shigowa da su daga waje, da ƙarancin kaba a inda gonaki suka cinye daji. Duk da haka, a kasuwannin yankin irin su ta Bici da ta Badume, bayan an kawar da amfanin gona, faifai da tabarma da igiya da hula na ci gaba da fitowa daga gidajen da suka fitar da zare da abawa a zamanin Barth, kuma kuɗinsu na komawa inda ya saba komawa: adashi, akuya da kayan ɗakin 'ya mace.