Kwana 13 ko Shekara Guda: Tarihin Lissafin Ruwan Gulbin Rima

Ruwa mai gudu ba ya lissafuwa sai an yanka masa lokaci. Wanda ya tambayi yawan ruwan da ya wuce Goronyo dole ya faɗi daga yaushe zuwa yaushe, domin jimillar kwana goma daban, ta shekara daban. A ganina tarihin fadamun Wurno, Rabah da Goronyo ya rataya ne a kan tsawon wannan zango, da kuma wanda ke da ikon tambayar lissafin tun zangon bai rufe ba.

Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗi, inda ya zauna har rasuwarsa a 1837, abin da ya riƙe garin shi ne fadama. Gulbi ya cika ya malala, ya janye ya bar laima, manomi ya bi sawunsa. Irin wannan noma ba ya jiran ƙarshen shekara, shi ya sa malamai da manoma suka riƙe lissafin taurari: tauraro 28, kowanne kwana 13 in ban da guda mai 14, jimilla kwana 365, bakwai bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Idan dattijo ya ce Zira'a ta yi ruwa amma Nasara ta yi rowa, ya tattara abin da ya sauka a zangon waɗannan taurari biyu ne ya gwada su da na bara. Zangon gajere ne daidai da rayuwar shuka, domin mako biyu na fari bayan tsiro ya isa ya sa a sake iri. Kuma lissafin na kowa ne, ana jin sa a ƙofar masallaci da bakin kasuwa.

Madatsun ruwa suka zo da wani zango. An kammala Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, sama da Rabah, aka gama Goronyo a kan Rima a 1984, da girman da zai ɗauki ruwa kubik mita miliyan 942, duk a hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Injiniyan madatsa shekara yake kallo: nawa ya shigo da damina, nawa za a saki da rani domin famfunan Sakkwato da gonakin shinkafa, alkama, albasa da tafarnuwa. Wannan lissafi ya yi amfani, don noman rani na yau bashinsa ne. Sai dai jimillar shekara tana ɓoye abin da ke kashe manomi. Masanin ƙasa William Adams, wanda ya bincika kwarin Sakkwato bayan Bakolori, ya nuna cewa raguwar malalar gulbi ta rage noman shinkafar fadama da kamun kifi a ƙasan madatsar. Ruwa yana iya cika adadinsa a takarda alhali ya zo a makon da ba a bukatarsa.

Shekaru biyu sun fito da abin fili. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, aka buɗe ƙofofi, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 kuwa hukumar da kanta ta bayyana cewa ruwan da ya rage a madatsar bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Tambayar 2010 ta kwanaki ce, wato nawa ya shigo daga Gulbin Maraɗi, Bunsuru da Gagare cikin daren jiya da shekaranjiya. Ta 2018 ta shekaru ce, har da yashin da ke cike cikin madatsa a hankali. Zango guda ba zai amsa duka biyun ba.

Masu manhajar kwamfuta sun ci karo da wannan matsala ta wata ƙofa. Tsare-tsare irin su Kafka Streams, wanda ya fito a 2016, da Apache Flink, suna karɓar bayanan da ba sa yankewa, su raba su zango zango, su riƙe jimillar kowanne, su kuma bari a tambayi jimillar tun ana cikin tarawa. Sun gano cewa labari yakan makara, don haka sukan bar zango a buɗe na ɗan lokaci kafin a rufe shi. Ruwan da ya sauka a ƙasar Katsina ko Zamfara ma sai ya yi tafiya kafin ya iso Goronyo, saboda haka duk adadin da aka karanta yau na wucin gadi ne.

Za a ce lissafin taurari ba awo ba ne, ba shi da milimita ko sandar auna zurfi, kuma tunanin dattijo yakan ƙawata damunan da suka wuce. Gaskiya ne, ba kuma wanda zai buɗe ƙofar madatsa da sunan tauraro. Amma ba awon nake yabo ba, tsawon zangon ne, kuma kimiyya ta dawo kusa da shi: cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban farin Sahel, kwana goma goma take bibiyar damina. Wani kuma zai ce laifin sauyin yanayi ne, ba na lissafi ba. To, idan ruwan wata guda ya koma sauka cikin kwana uku, wannan hujja ce ta gajarta zango, ba ta watsi da shi ba.

Inda sabon tsari ya gaza tsohon shi ne wajen mai tambaya. Ma'aikacin madatsa yana karanta sanda kullum, amma mai albasa a Wurno, wanda zai yanke shawarar ranar dashe da yawan man injin da zai saya, galibi sai ya ga ruwan a bakin gonarsa yake sanin an sake shi. Wayar salula tana aljihunsa, rediyo yana rataye a bukkarsa, adadin kwanaki goman da suka wuce kuwa yana cikin littafin ofis.