Wa Ya Ɗaura Auren Rashin Addini da Siyasar Sassauci?

A Amurka, idan aka ce wane bai yarda da samuwar Allah ba, kusan an gaya maka jam'iyyar da yake zaɓa. Binciken cibiyar Pew na 2014 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan mutane suna tare da Democrat, jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce wanda ya yar da addini ya yar da dokokinsa, don haka dole ya bi siyasar da ke barin kowa da zaɓinsa. Ni kam wannan amsa ba ta gamsar da ni, domin tarihi bai goyi bayanta ba.

Bakin zaren yana Faransa. Kafin juyin juya halin 1789, cocin Katolika na riƙe da kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na filayen ƙasar, tana karɓar rabonta daga amfanin gonar manomi, ita kuwa ba a ɗora mata haraji sai abin da ta ga damar bayarwa. Manyan limamanta 'ya'yan sarauta ne. Da juyin ya zo, majalisa ta zauna muhawara kan ikon sarki, magoya bayansa suka taru a hannun daman shugaban zama, masu neman canji a hagu, kuma daga nan aka samo "dama" da "hagu" na siyasar duniya. Abin da ake yawan mantawa shi ne ƙananan limaman ƙauye, waɗanda suka san yunwar mutanensu, suna cikin na farko da suka koma ɓangaren talakawa a watan Yuni na shekarar. Ashe da fari rigimar ta gona ce da haraji, ba ta imani ba.

Daga baya ne abin ya ɓaci. A Nuwamban 1789 aka ƙwace kadarorin coci, a 1790 aka tilasta wa limamai rantsuwar biyayya ga sabon tsari, kusan rabinsu suka ƙi. Zuwa 1793 an mayar da majami'ar Notre-Dame wurin bikin girmama hankali, manoman yankin Vendée kuma sun ɗauki makami a kan sabon tsarin, aka zubar da jini mai yawa. Tun daga lokacin kowane ɓangare ya riƙe gawarwakinsa a zuciya. A 1864 Paparoma Pius na 9 ya fitar da jerin kurakuran zamani, ya sa sassaucin ra'ayi a ciki. To, mai neman 'yancin jarida ko ƙuri'a da aka ce masa ya zaɓa tsakanin buƙatarsa da cocinsa, ina zai nufa?

Amurka ce ta fi tona asirin lamarin, don can an daɗe ba a san wannan rabuwa ba. Martin Luther King fasto ne, daga mumbari ya jagoranci gwagwarmayar baƙaƙen fata. Jimmy Carter, ɗan Democrat da ya ci zaɓen 1976, malamin makarantar Lahadi ne. Sai a 1979 fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, manyan masu wa'azi suka rungumi Republican, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, da Ronald Reagan. Tsakanin 1991 da 1998, masu cewa ba su da addini suka ninka, daga kashi 7 zuwa 14. Masana biyu, Michael Hout da Claude Fischer, sun bi diddigin wannan a 2002, suka gano yawancin masu ficewar masu sassauci ne da matsakaita, kuma da yawansu ba su daina yarda da Allah ba. Cocin suka bari, saboda ta zama ofishin jam'iyyar da ba tasu ba. Wato siyasa ce ta riga, rashin addini ya biyo sawu.

Inda tarihi ya bi wata hanya, auren bai ɗauru ba. Gabashin Jamus, bayan shekara 40 na mulkin kwaminisanci, yana cikin yankunan da suka fi ƙarancin masu addini a duniya, amma can ne jam'iyyar AfD mai tsananin ra'ayin riƙau ta fi ƙarfi. Marubuciya Ayn Rand ba ta yarda da Allah ba, duk da haka 'yan jari-hujjan Amurka na dama sun ɗauke ta gwarzuwa.

Mu ma muna da shaida a gida. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta yaƙi zaluncin masu sarauta da danniyar haraji, irin abin da ya tayar da Faransa. Jagoranta Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne mai yin tafsiri, kuma da ayoyi da tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kafa hujja a kan sarakuna. Talakan da ya bi shi bai taɓa jin an ce masa ya ajiye sallarsa kafin ya nemi haƙƙinsa ba.