Stern ko Silver: wa ya fi yi mana?

Jama'ar Damagaram, ga gardamar da ba ta ƙarewa a fadar masu kwana gaban tele don ƙwallon kwando.

David Stern ya riƙe NBA shekara 30, daga 1984 zuwa 2014. Ƙungiya 23 ya tarar, ya bar 30. Sunan farko da ya kira ranar zaɓen sabbin ƴan wasa a 1984, Hakeem Olajuwon ne, ɗan Legas. Amma fa mutumin akwai ƙarfin hannu: a 2005, har tufafin ƴan wasa sai da ya kafa wa doka.

Adam Silver kuwa, bai cika wata uku bisa kujera ba ya kori Donald Sterling, mai ƙungiyar Clippers, har abada, saboda kalaman wariyar launin fata. A zamaninsa aka buɗe gasar Afirka, BAL, a Kigali a 2021, da ƙungiya 12.

Mu dai Silver muka ba maki, don shi ya kawo wasan gida. Sai dai gidan bai haɗa da mu ba tukuna: har yau ba mu ga ƙungiyar Nijar ko ɗaya cikin BAL ba.