Ɗan Tambarin da Ke Jikin Fanel: Tarihin Lambar da Aka Yi Don Na'ura Ta Karanta

Idan mai gyaran waya a Funtua ya buɗe bayan waya ko na'urar sola, akwai abin da idonsa ke tsallakewa kullum. A gefen koren allon da masu sana'ar ke kira fanel, akan ga wani ɗan murabba'i mai ɗige-ɗige, wanda sau da yawa bai kai ƙwayar masara girma ba. Shi ne sunan allon. Da shi masana'antar da ta ƙera shi take sanin ranar da aka haɗa shi, da layin da ya bi, da rukunin kayan da aka ɗora masa. Kafin ɗan tambarin nan ya samu wurin zama, an shafe kusan shekara 50 ana fama da matsala guda, wato yadda lamba za ta ci gaba da karantuwa bayan ta sha ƙura da zafi.

Labarin ya faro ne a Amurka a 1948, lokacin da Bernard Silver da Norman Joseph Woodland na kwalejin Drexel a Filadelfiya suka shiga neman hanyar da na'ura za ta gane kayan kanti da kanta. Woodland ya iya saƙon Morse tun yana yaro. Wata rana a bakin teku a Miami ya ja yatsunsa cikin rairayi, sai ya lura cewa ɗigo da karan Morse za su iya zama layuka sirara da masu kauri. Sun samu takardar mallakar fasahar a 1952, amma a lokacin babu fitila ko kwamfutar da za ta karanta zanen cikin araha.

Gwaji na farko mai girma a jiragen ƙasa aka yi shi. A 1967 ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta Amurka ta amince da tsarin KarTrak, wanda David Collins ya jagoranci ƙirƙirarsa a kamfanin Sylvania. Aka manna launuka masu ƙyalli a jikin taragai, aka kafa na'urori a gefen dogo. Cikin shekara 10 aka yi watsi da shi. Na'urorin suna aiki, amma ƙura da laka da rana sun dushe tambarin, kuma ba a kula da gogewa ko sauyawa yadda ya kamata ba.

'Yan kanti ma sun ɗanɗana irin wannan. A 1972 kamfanin RCA ya gwada lamba mai siffar zobba a wani kantin Kroger da ke Sinsinati, sai tawada ta riƙa jirwaye wajen bugawa tana ɓata zobban. George Laurer na IBM ya kawo mafita da layuka a tsaye, domin idan tawada ta zarce ta bi tsawon layi, faɗinsa bai canja ba. Tsarinsa aka zaɓa a 1973, kuma ranar 26 ga Yuni 1974 aka fara sayar da kaya da shi, fakitin cingam na Wrigley, a garin Troy na jihar Ohayo.

Masana'antu sun buƙaci lambar da ke ɗaukar haruffa, sai kamfanin Intermec ya fitar da Code 39 a 1974, kuma ma'aikatar tsaron Amurka ta wajabta shi kan kayan da take saya tun farkon shekarun 1980. Masu haɗa kayan lantarki suka karɓe shi, amma allon lantarki wuri ne mai wuyar sha'ani. Fili ya yi kaɗan, ga shi allon yana ratsa tanda mai zafin da ke kai wa digiri 250 domin kuza ta narke ta kama ƙafafun kayan, daga nan a wanke shi da sinadarai. Takarda ba ta jure wannan. Aka koma ga tambarin wata roba mai jure wuta, daga bisani aka fara zana lambar kai tsaye a jikin allon da hasken lesa.

Ƙarancin fili kuwa lambar Data Matrix ce ta magance shi a ƙarshen shekarun 1980. Ita ce murabba'in nan mai ɗige-ɗige. Gefenta biyu layi ne cikakke mai siffar harafin L, wanda ke nuna wa na'ura inda lambar ta fuskanta, sauran gefen biyu kuma ɗigo ne baƙi da fari a jere, masu nuna girman kowane gida. A cikinta an saka lissafin gyaran kuskure da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa a 1960, wanda ke sa a iya karanta ta ko da wani sashe ya goge. A Japan, Masahiro Hara na Denso ya fito da 'yar'uwarta QR a 1994 domin bin sawun kayan gyaran mota.

Duk da haka, har yau yawancin aikin injiniyan da ke kafa na'urar karatu a layin haɗa allo a kan haske yake. Fentin allon yana sheƙi, don haka fitilar da ta haska shi kai tsaye takan dawo cikin idon kyamara ta makantar da ita. Maganin shi ne a ɗan karkata na'urar, ko a kawo hasken daga gefe, ko a tausasa shi. Idan karatu ya ƙi, abin da ake fara dubawa shi ne ƙura a gilashi, da tazarar kyamara, da saurin bel, da ko wani abu ya shiga filin da ya kamata a bari fayau kewaye da lambar. Ba a cika samun laifin a cikin kwamfuta ba.

Amfanin wannan ɗawainiya ya bayyana a farkon shekarun 2000, lokacin da miliyoyin kafasita masu gurɓataccen ruwan sinadari suka shiga kwamfutoci suna kumbura suna fashewa. A 2005 kamfanin Dell ya ware kusan dala miliyan 300 saboda gyaran kwamfutocinsa na OptiPlex. A irin wannan hali, masana'antar da ta san allon da kowane rukunin kaya ya shiga za ta janye waɗanda abin ya shafa kawai. Wadda ba ta sani ba sai ta jira koke daga masu saye.

Funtua ta san wannan buƙata tun kafin zuwan lantarki, domin garin auduga ne tun zamanin da kamfanin BCGA ya kafa injin gurza a cikinsa, kuma darajar dila tana rataye ne a kan sanin inda ta fito da matakin ingancinta. A Amurka yau kowace dilar auduga tana fita da lamba mai alƙaluma 12, biyar na gidan gurza, bakwai na dilar kanta, kuma da ita ake haɗa sakamakon gwajin zarenta. Tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Funtua a 2024, masu fitar da auduga da citta da waken suya za su ƙara cin karo da masu saye da ke neman irin wannan shaida. Sayen na'urar karatu shi ne sashe mafi sauƙi na aikin. Abin da ya kayar da KarTrak shi ne rashin mai goge tambari, kuma ƙurar hunturu a Funtua da Malumfashi ba ta fi ta dogon Amurka sauƙi ba.