Daga Takardar Haraji Zuwa BVAS: Yadda Aka Koyi Tantance Mai Zaɓe a Ƙaraye da Rogo

Lokacin da aka fara zaɓe a Arewa a 1951, ba a yi wa kowa maganar katin zaɓe ba. Namiji baligi mai biyan haraji shi ne mai ƙuri'a, shaidarsa kuma ita ce sunansa a littafin dagaci da 'yar takardar harajin da yake adanawa a aljihun riga. A ƙasar Ƙaraye, ɗaya daga cikin tsofaffin gundumomin masarautar Kano, ba a buƙatar fiye da haka. Mai unguwa ya san kowane magidanci, ya san ubansa, ya san gonarsa da yawan kawunan da ake biya wa haraji a gidansa. Baƙo ba ya iya shiga layi a ce ba a gan shi ba.

Matsalar ita ce wanda ya san kowa ɗin ma'aikacin En'e ne, En'e kuwa tana da ɗan takararta. Ga shi zaɓen hawa-hawa ake yi: ƙauye ya zaɓi wakilai zuwa gunduma, gunduma ta tura nata zuwa gaba, har a kai matakin lardi, inda aka ba En'e damar cusa nata mutanen. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta taɓuka abin kirki a matakin farko, amma kafin a kai ƙarshe an tace ta tas. Idan ɗan NEPU ya ce an cuce shi, gaban alƙali za a kai shi, kuma a wancan zamani ba a barin lauya ya tsaya wa mutum a kotun alƙali. Wannan ne ya sa tun farko, a wannan ƙasa, masu kukan a gyara zaɓe su ne talakawa da 'yan adawa.

Wanda ya bi siyasar Amurka zai ga abin a juye. A can ƙungiyoyin lauyoyi masu ra'ayin riƙau, irin su Judicial Watch da aka kafa a 1994 da Public Interest Legal Foundation, su ne ke maka jihohi a kotu don a share sunayen matattu da waɗanda suka ƙaura daga rajista, su ne kuma ke goyon bayan dokokin da suka ce sai da katin shaida mai hoto za a yi zaɓe. Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da irin wannan doka ta jihar Indiyana a 2008. Masu adawa da su suna cewa dabara ce ta hana baƙaƙen fata da matalauta zaɓe, domin Amurka ba ta da katin ɗan ƙasa na bai-ɗaya, kuma ba kowa ke da lasisin tuƙi ba. Ingila ma sai a 2023 ta fara neman shaida mai hoto a rumfa, har aka mayar da Boris Johnson, wanda gwamnatinsa ta kawo dokar, ranar da ya je zaɓe a 2024 ba tare da ita ba. Mu a nan ba a taɓa yin wannan gardamar da zafi ba. Mun sha wuya a hannun rajistar bogi sosai, ta yadda da wuya ka ji wani ya ce kati zalunci ne.

Zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959 shi ne na farko da mutumin ƙauye ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye, kuma a asirce. Kowane ɗan takara da akwatinsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Mata ba sa ciki. Su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan wannan, amma matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Daga 1979 aka sauko da shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18. A shekarar ce kuma Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a PRP ya soke haraji da jangali. Talaka ya yi murna, kuma ya cancanci ya yi. Sai dai littafin harajin nan, duk da baƙin jininsa, shi ne kaɗai jerin sunayen mazan karkara da ake sabuntawa kowace shekara. Da ya tafi, kuma ga mata da matasa sun shigo, sai rajista ta zama abin da malamin zaɓe ya rubuta da biro.

Abin da ya biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Rajistar hukumar zaɓe ta FEDECO ta tashi daga kusan mutum miliyan 48 a 1979 zuwa sama da miliyan 65 a 1983, ƙarin da babu haihuwar da za ta bayyana shi. Kwamitin Mai Shari'a Babalakin, da sojoji suka kafa daga baya don binciken hukumar, ya tabbatar an cusa sunayen mutanen da ba su wanzu ba. Kati a lokacin takarda ce kawai, ba hoto, ba yatsa. Wanda ya tara ɗari a aljihu, ya samu malamin zaɓe mai sauƙin kai, ya yi zaɓe sau ɗari.

Maganin da hukumar zaɓe ta zamanin Babangida ta kawo, ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu, shi ne a koma ga ido. A yi layi a bayan hoton ɗan takara, a ƙirga kawuna kowa na gani. Bahaushe ya raɗa masa ƙato-bayan-ƙato. Fatalwa ba ta tsayawa a layi, wannan gaskiya ne. Amma a ƙauye irin na Rogo, inda surukinka da mai ba ka bashin taki da mai unguwa duk suna tsaye suna kallon layin da ka bi, a ce mutum ya zaɓi son ransa sai mai ƙarfin hali. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 an sassauta: a tantance mutane a lokaci guda, sannan kowa ya dangwala a asirce ya jefa a fili. A ranar Abiola ya kayar da Bashir Tofa a jiharsa ta Kano, daga baya kuma aka soke zaɓen.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, sai jama'a suka ɗauki tsaron ƙuri'a a hannunsu. Kalmomi uku suka zama dokar da ba a rubuta ba: a kasa, a tsare, a raka. Da ita Kanawa suka sauya gwamna mai ci a 2003, lokacin da Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da Rabi'u Musa Kwankwaso, matasa suka bi sakamako daga rumfa zuwa mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, wasu har suka kwana a bakin ofishin hukumar zaɓe. In ana neman ƙungiyar kare sahihancin zaɓe ta Kano, ita ce wannan, ba ta da ofis ba ta da lauya. Masu ofis ɗin ma sun zo: TMG tun 1998, daga baya Yiaga Africa da masu sa idonta, da SERAP wadda ta kai hukumar zaɓe ta INEC kotu a 2022 a kan rufe rajista, har aka ƙara wa'adin zuwa ƙarshen Yuli.

Zaɓen 2007 ya lalace har wanda ya ci, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya faɗa da bakinsa ranar rantsuwa cewa akwai kurakurai, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, Farfesa Attahiru Jega, shugaban Jami'ar Bayero a lokacin, shi aka ba INEC a 2010. A farkon 2011 aka zubar da tsohuwar rajista aka yi sabuwa da kwamfuta da kyamara da na'urar ɗaukar yatsu, aka samu mutum miliyan 73.5. Bayan an tace masu rajista sau biyu, ta sauko zuwa miliyan 68.8 kafin zaɓen 2015. A lokacin ne katin dindindin na roba ya zo, tare da kad rida, na'urar karanta katin.

A nan ne manomi ya gane cewa na'ura ma tana da nata son kai. Yatsan da ya shekara arba'in yana riƙe fartanya, ko yana jan koma a madatsar ruwan Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, zanensa ya goge. Mata an yi ta jan kunnensu a kan lalle. A shafa yatsa a riga, a wanke, a sake ɗorawa, na'ura ta ƙi. Ba talaka kaɗai ba: ranar 28 ga Maris 2015 ta ƙi karanta katin Shugaba Goodluck Jonathan a Otuoke. Sai aka tanadi fom da za a cike wa wanda na'ura ta ƙi, a bar shi ya yi zaɓe. Niyyar mai kyau ce, amma fom ɗin nan ya zama ƙofar baya, duk wanda ke son aringizo ta nan yake bi. A 2016 kuma Kotun Ƙoli, a shari'o'in gwamnoni har da ta Ribas, ta ce kad rida ba ta cikin dokar zaɓe, don haka ba ta ture rajistar takarda ba.

Akwai abin da yatsa da hoto ba sa faɗa, wato shekaru. A karkara haihuwa da yawa a gida ake yin ta, ba a kai wa hukumar ƙidaya, kuma takardar shaidar shekaru rantsuwa ce da ake yi a kotu. Idan gari ya haɗa kai cewa yaron nan ya kai, malamin rajista, wanda galibi baƙo ne ɗan bautar ƙasa, ba shi da hujjar musu, ba shi kuma da ƙarfin yi. Gari yana yin haka ne don yawan rajista shi ne nauyinsa a wurin 'yan siyasa, shi ke jawo rijiya da titi. Bayan zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 10 ga Fabrairu 2018, hotunan yara suna dangwale suka cika Facebook, INEC ta kafa kwamiti, ta kuma nesanta kanta da cewa zaɓen na hukumar jiha ne, KANSIEC. Da aka baje rajista a intanet a ƙarshen 2022, sai ga fuskokin yara a jihohi da dama.

Dokar zaɓe da Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022 ta rufe waccan ƙofar baya ta fom. Na'urar BVAS na duba yatsa, in ya ƙi ta duba fuska, in duka sun ƙi babu zaɓe. Ita ce kuma ke ɗaukar hoton takardar sakamako. Tun a 2021 kuma an ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846 a faɗin ƙasa. A ganina BVAS ita ce gyara mafi girma tun 1959, kuma manomin Ƙaraye ya amfana da ita, domin fuska ba ta gogewa kamar yatsa.

Sai rigimar ta tashi daga kan mai zaɓe ta koma kan takarda. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023 an ce Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna 890,705. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'u 165,663 daga na Abba, ba don masu su yara ne ko matattu ba, sai don babu hatimi da sa hannu da kwanan wata a bayan takardun. Wato na'ura ta tantance mutum, ya yi layi a rana, sannan a zubar da ƙuri'arsa saboda abin da ma'aikaci bai yi ba. Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un ranar 12 ga Janairu 2024. Wata goma Kano ta yi tana sauraron lauyoyi. Saye da sayarwa kuwa bai tsaya ba, sai dai ya sauya salo. A 2023 da takardun kuɗi suka yi wuya, taliya da atamfa da sabulu suka yi aiki.

Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne wanda katin ya bari a waje. Kati yana ɗaure mutum da rumfa guda. Zaɓen 2023 kuma a Fabrairu da Maris aka yi shi, tsakiyar rani, lokacin da samarin Rogo da Ƙaraye suke Legas da Abuja da Fatakwal wajen ci-rani. Rogo tana iyaka da Kaduna da Katsina, yarinyar da ta yi rajista a gidan ubanta ta yi aure a ƙauyen da ke tsallaken iyaka, katinta na wata jiha ita tana wata. Ana iya sauya rumfa, amma sai an je ofis ko an shiga intanet kafin a rufe, kuma ba kowa ke da halin yin haka ba. Kano tana da masu rajista miliyan 5.9 a 2023, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan biyu ba. A ƙasa baki ɗaya katuna sama da miliyan shida ne ba a karɓa ba.

A Disamban 2024 shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya kawo shawarar cewa tunda BVAS ce ke tantancewa, bai kamata katin roba ya zama shi kaɗai ne shaida ba, takardar da aka buga daga kwamfuta ma ta isa. Hakan zai rage tsadar buga kati, ya kuma karya kasuwar masu sayen katunan jama'a don hana su zaɓe. Ɗan ci-ranin da ke tura baro a kasuwar Mile 12 ta Legas dai har yanzu sai ya nemi kuɗin motar zuwa Rogo.