Daga Maɗi Zuwa Zoɓo: Tarihin Abin Shan Gida a Ƙasar Jibiya

Tuffar da ake jerawa a baro da tire a kasuwar Jibiya da bakin iyakar Magama ba a ƙasar nan ta nuna ba. A kwali take zuwa, galibi daga Afirka ta Kudu, ta sauka a gaɓar teku, sannan mota ta hauro da ita arewa. Asalin itacen daga duwatsun Tiyan Shan yake, wajen birnin Almati na Kazakistan, kuma ba ya fure yadda ya kamata sai ya sha ɗaruruwan sa'o'i na sanyi mai tsanani, irin wanda hunturunmu bai kai ba. A ƙasashen da yake yi da yawa, kamar yammacin Ingila da Nomandi ta Faransa, manoma sun daɗe suna niƙa tuffa, su matse ruwan, su ɗura a ganga su bar shi makonni, har ƙwayoyin yis da ke jikin ɓawon su cinye zaƙin su mayar da shi giya. In kuma iska ta samu shiga, wasu ƙwayoyin su juya giyar ta koma ruwan tsami, wato khal ɗin tuffa da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci.

Mutumin Kusa ko Gurbi ko Bugaje a ƙasar Jibiya ba shi da lambun tuffa, ba ya kuma neman giya. Amma matse ɗan itace a adana zaƙinsa tsohuwar sana'a ce a nan, sai dai hanyar da aka bi daban ce.

Lambun Bahaushe na dā gonarsa ce. In zai yi sassabe, akwai itatuwan da gatari ba ya taɓawa: tsamiya, ɗorawa, kuka, ɗinya, kanya, aduwa, goruba. Kowace da lokacinta. Ɗinya takan yi baƙi wajen ƙarshen damina, ɗorawa sai bazara, tsamiya kuwa a ɓare ta a cura a ajiye, ta kai shekara ba ta lalace ba. Daga cikinsu aka samu maɗi. Yara su tsinto ɗinya kwando-kwando, mata su wanke, su jiƙa, su dinga murzawa da hannu har naman ya rabu da ƙwallon. Sai a tace, a ɗora babbar tukunya a murhu. Nan aikin yake, domin ba a barin wutar ta mutu, ba a kuma barin ta yi yawa ta ƙona gindin tukunya. Ana kwashe kumfa, ruwan yana ƙonewa yana kauri, har ya koma baƙi wuluk, in an ɗago ludayi yana zuba a hankali kamar zuma. Da shi ake zaƙaƙa kunu da fura, in an ƙara dafa shi a ja alewa. Haka ake yi da rake da takanɗa. Likitan nan Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya kuma wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya tarar da wannan sana'a da ƙafarta.

Me ya sa dafawa? Matan da suka gaji aikin sun san cewa ruwan zaƙi in ya kwana biyu a zafin ƙasar nan zai fara tsami da kumfa. Sai a shekarun 1850 Luwi Fasto na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke wannan aiki, daga baya kuma ya nuna cewa zafi yana kashe su. Tafasa tana hallaka yis, kaurin zaƙi kuma yana hana sabo ya rayu. Abin da mai giyar tuffa ke lallaɓawa ya tashi, shi mai maɗi ke kashewa tun a tukunya. Addini ma ya ja layin a daidai wurin. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha har yammacin kwana na uku, ba ya wuce nan. Duk ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya ji hani a kan yin tsimi a cikin duma, dalili kuwa shi ne yana saurin sa abin ya tashi.

Ba a rana ɗaya aka kai ga wannan matsaya ba. Lokacin da Baturen nan Kilafaton ya sauka Katsina a 1824, ya ga ɓaure da rumman da lemun tsami da kankana, aka kuma ba shi labarin cewa dā akwai inabi da yawa, amma an sare shi bayan jihadi. A 1807 ne mutanen Ummarun Dallaje suka karɓi birnin, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi wajen 1819. Ƙasar Jibiya ta faɗa tsakanin gidaje biyu masu gaba, dajinta ya zama hanyar mayaƙa. Maguzawa dai sun ci gaba da dafa burkutu da dawa don bukukuwansu da gayyar noma. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka, aka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908, sai dangi suka rabu gida biyu, amma tukunyar maɗi da kunun tsamiya iri ɗaya suka zauna a Jibiya da Ɗan Isa da Madarumfa. A shekarar 2000 Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, haramcin giya ya shiga dokar jiha, ko da yake mafi yawan gidaje sun riga doka.

Abin da ya karya maɗi ba doka ba ce, sukari ne. Mazarƙwaila ta fara shigowa daga ƙasar Zazzau, sannan farin sukari na kanti, na kwali da na buhu. Macen da za ta yini a bakin murhu don ta samu tulu guda na maɗi, yanzu cokali biyu sun ishe ta. Ba na ganin laifinta. Amma sukari ya zo da nasa ɗan gata, wato zoɓo. Yakuwa, wadda a nan da ƙetaren iyaka aka fi kira sure, tsohuwar shuka ce ta gefen gona: ganyen na miya da kwaɗo, 'ya'yan na daddawa. Jan furen kuwa, wanda da shi ake zoɓo, tsaminsa ya yi yawa a sha shi haka nan, sai da zaƙi ya yi araha. Da wutar lantarki da firji suka iso garuruwa, kuɗin lemon kwalba kuma ya fi ƙarfin talaka bayan tsuke bakin aljihu na 1986, sai zoɓo ya zama jarin matan aure. Duba yadda ake yi a tsakar gida kafin asuba: a wanke busasshen zoɓo a fitar da yashi, a tafasa da citta da kanumfari, wata ta jefa ɓawon abarba, a tace da rariya, a sa sukari, a ƙulla a leda ko a ɗura a gorar roba, a jera a kula da ƙanƙara. Da azahar yarinya tana tasha tana tallar mai sanyi. A watan azumi kuwa ba a magana. Furen da kansa ya zama haja ta duniya, ana tara shi a kasuwanni irin Maigatari ta Jigawa a kai Meziko, inda su ma suke shan sa.

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa wannan ƙaramar sana'a nauyi. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Duk ranar da mota ba ta tsaya a Magama ba, mai zoɓo ta yi kwantai, zoɓo kuwa ba ya jiran gobe. Ga 'yan bindiga da suka hana mata da yara shiga daji tsintar ɗinya da kanya, ga masu gawayi da ba su san itacen da ake ragawa ba. Wannan ya fi damuna, domin iyaka takan buɗe da sa hannun mutum ɗaya, tsamiya kuwa sai ta shekara bakwai ko fiye kafin ta yi 'ya'ya.

Maganin ba shi da nisa. Tun 1983 manoman jihar Maraɗi suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski, abin da suke kira sassaben zamani, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. Manoman Kusa da kewaye, ku raga wa ɗinya da tsamiya da ɗorawa a sassaben bana. Ke kuma da kike son fara sana'ar abin sha, nemi tsohuwar da ta iya maɗi a unguwarku ki zauna kusa da murhunta, ki tafasa ruwanki sosai, ki wanke gorunanki da ruwan zafi, kada kuma ki sayar wa kowa abin da ya kwana ya fara kumfa.